Ruwan Da Nas Ke Ƙara Wa Maganin Shaƙa: Algus Ne Ko Ƙa'ida?

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro a asibiti a lokacin hunturu ya san abin da za mu faɗa. Dare ya raba, hazo ya rufe gari, sai ga uwa ta shigo a guje da yaro a kafaɗa, ƙirjinsa yana fito kamar sarewa, tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa duk sa'ad da ya ja numfashi. Likita ya duba, ya ce asma ce ta tashi, ya rubuta magani. Nas ta jawo wata 'yar na'ura mai gurnani, ta zuƙi magani ɗan mitsitsi a sirinji ta zuba a wani ɗan kofin roba. Sa'an nan ta ɗauko wani ruwa garau ta ƙara a kai, har ya fi maganin yawa nesa ba kusa ba. A nan ne gaban uwa yake faɗuwa.

"Sista, ba magani likita ya rubuta ba? Yaya kuma kike surka shi da ruwa?"

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Ba ruwa ba ne, haka ake yi."

Sau da yawa iyakar amsar ke nan, gama majinyata sun yi wa nas yawa, ba ta da sukunin dogon bayani. Uwa kuwa sai ta koma gida da ɗaya daga cikin zato biyu. Ko dai ta ɗauka an yi mata algus irin na mai nono da ke ƙara ruwa a ƙwarya, ko kuwa ta ɗauka cewa tun da nas ta zuba ruwa, ita ma tana iya zuba kowane ruwa in ta sayi na'urar ta ajiye a gida. Zato na farko yana ɓata zumunci tsakanin nas da mai jinya. Na biyun ya fi muni, domin yana iya shaƙe yaron da ake neman ceto. Saboda haka, 'yan'uwa masu karatu, bari mu bi maganar nan daki-daki.

Yadda na'urar take aiki

Sunan na'urar nebulaiza. Wasu sukan kwatanta ta da siracen da kakanninmu suke yi, inda ake lulluɓa da zane a kan tukunyar sassaƙe mai zafi. Akwai kama, amma akwai bambanci babba. A sirace wuta ce ke ta da tururi. A nebulaiza babu wuta, babu zafi. Inji ne ke tura iska da ƙarfi, wajen lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya, ta cikin wata 'yar ƙofa matsattsiya a gindin kofin. Iskar sai ta tsotso ruwan maganin ta farfasa shi ya zama feshi mai kama da hazo, majinyaci ya shaƙa ta takunkumin roba ko ta bututun da ake kamawa da baki. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun a 1858 wani likitan Faransa mai suna Sales-Girons ya ƙera irinta wadda ake bugawa da hannu.

Ba kowane ɗigo ne yake isa inda ake so ba. Wanda zai shiga can cikin ƙananan hanyoyin iska na huhu dole ya zama tsakanin maikiron 1 zuwa 5. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, watau silin gashin mutum ya ninka irin wannan ɗigo a kauri fiye da sau goma. Manyan ɗigogi sukan bugi wani shinge a cikin kofin su gangara su koma ƙasa, a sake farfasa su. Haka ruwan yake ta kewayawa har ya ƙare.

Abin da ke saura a kofi

To, ga inda maganar ruwan gishiri ta samo asali. Kowace mace ta san cewa in ta dama kunu a ƙwarya ta juye, wani abu zai manne a jikin ƙwaryar. In kunun mai yawa ne, ba a damuwa da abin da ya manne. Amma in ludayi biyu ne kacal, sai a tarar rabinsa ya tsaya a ƙwarya.

Haka kofin nebulaiza yake. Komai daɗewar da injin ya yi yana gurnani, akwai ruwan da ba zai taɓa fita ba, yana manne a bango da gindin kofin. A yawancin kofuna wannan saura yakan kai rabin mililita zuwa mililita ɗaya, a wasu ma ya fi haka. Yanzu mu yi lissafi. A ce kofi yana riƙe mililita 1. In aka zuba mililita 2 gaba ɗaya, wajen rabin maganin zai tsaya a kofi. In aka ƙara ruwan gishiri ya zama mililita 4, abin da zai tsaya bai wuce misalin kashi ɗaya cikin huɗu ba. In kuwa rabin mililita na tsantsar magani aka zuba ba a ƙara kome ba, na'urar za ta yi ta kuka a banza, yaro bai sami abin kirki ba.

Ashe ruwan gishirin nan ba ya rage magani. In likita ya rubuta miligiram 2.5, miligiram 2.5 ne a cikin kofin, ko an ƙara mililita 2 ko an ƙara 3. Aikin ruwan gishiri shi ne ɗauko maganin daga kofi ya kai shi huhu. Shi ya sa littafin kula da yara a asibiti na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fito a 2005 aka kuma sabunta shi a 2013, ya koyar da a zuba rabin mililita na ruwan salbutamol mai ƙarfin miligiram 5 a kowace mililita, a haɗa da mililita 2 zuwa 4 na tsabtataccen ruwan gishiri. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ita ma a ƙa'idodinta na 1997 ta ce in kofi yana riƙe fiye da mililita 1, a cika ruwan ya kai mililita 4, kuma da ruwan gishiri, ba da ruwa zalla ba.

Amma kome ya yi yawa ya ɓaci. In aka cika kofi maƙil, shaƙar da ya kamata ta ɗauki kamar minti 10 sai ta kai rabin sa'a. Yaron da numfashi ke yi wa wuya ba zai jure ba, zai fizge takunkumin ya yi ta kuka, mai kuka kuwa ba ya shaƙar magani sosai. Alamar ƙarewa ita ce sa'ad da kofin ya fara tartsatsi, hazon yana fita yana yankewa. Nas takan ɗan ƙwanƙwasa kofin da yatsa domin ɗigogin da suka manne su gangaro, ta bar shi kamar minti ɗaya, sa'an nan ta kashe.

Me ya sa ba ruwa zalla ba?

Mai karatu zai ce, to, in dai abin ɗauko magani ake nema, ai ruwan allura yana nan a kowane ɗakin magani, tsabtatacce ne, ga araha. Hausawa suna cewa kama da wane ba ta wane. A ido ruwan allura da ruwan gishiri ɗaya ne, amma huhu ya san bambancinsu.

Ruwan jikin mutum yana da gishiri, kowa ya ɗanɗani hawaye ko gumi ya sani. Ruwan gishirin asibiti, wanda ma'aikata ke kira nomal salin, giram 9 ne na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa, watau kashi 0.9 cikin 100. An zaɓi wannan awo ne domin ƙarfinsa ya yi kusan daidai da na ruwan jini. Binciken da wani masani ɗan ƙasar Holan, Hartog Hamburger, ya yi a kan jajayen ƙwayoyin jini wajen ƙarshen ƙarni na 19 yana cikin abin da ya kai ga wannan awo.

Hanyoyin iska na huhu suna da wata shimfiɗa mai laushi da ɗan ruwa a kanta. In aka feso musu ruwan da ba shi da gishiri, ruwan yakan kutsa cikin ƙwayoyin halittar wurin su kumbura, wasunsu su saki sinadaran da ke sa tsokar hanyar iska ta tsuke. Wanda ruwa ya taɓa shiga masa hanci a rafi ya san zafin da ake ji. Mai lafiya zai yi tari ya wuce. Mai asma kuwa, wanda hanyoyin iskarsa dama a tsorace suke, ƙirjinsa na iya rufewa.

Wannan ba zato ba ne. A 1981 masu bincike a birnin Sidni na Ostareliya sun nuna cewa shaƙar feshin tataccen ruwa yana tsuke ƙirjin masu asma, har daga baya aka riƙa amfani da shi a matsayin gwajin gane ciwon. A 1984 kuma likitoci a Sawthamtan ta Ingila suka gano cewa wani ruwan maganin buɗe ƙirji mai suna ipratropium yana shaƙe wasu majinyata maimakon ya buɗe su, kuma ƙarancin gishiri a ruwan da aka haɗa shi yana cikin dalilan. Daga baya aka sake haɗin, aka daidaita gishirinsa, aka kuma cire sinadaran hana lalacewa da aka ga su ma suna da hannu. Dubi fa, magani ne na gaske, amma ruwan da ya ɗauko shi ya juya aikinsa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba kowane magani ke son ƙari ba

Salbutamol, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1969 da sunan Ventolin, shi ne maganin da aka fi zubawa a nebulaiza. Yana zuwa a siga biyu, kuma rikita su haɗari ne.

Siga ta farko 'yan robobi ne ƙanana da ake murɗe kansu a matse. Kowace tana da mililita 2.5, a ciki akwai miligiram 2.5 ko miligiram 5. Waɗannan an riga an surka su tun daga masana'anta. Ana iya zuba su yadda suke, sai fa in kofin mai riƙe saura da yawa ne ko likita ya ce a ƙara.

Siga ta biyu kwalba ce mai tsantsar magani, miligiram 5 a kowace mililita. Wannan ita ce ake aunawa da sirinji a surka. A ce wata sabuwar ma'aikaciya ta saba da 'yan robobi, ta riƙe a ka cewa "biyu da rabi" ake zubawa. Ranar da robobi suka ƙare aka miƙo mata kwalba, sai ta zuƙi mililita 2.5. Ta ba yaro miligiram 12.5 ke nan, ninki biyar na abin da aka rubuta. Abin da zai biyo baya shi ne rawar jiki, bugun zuciya da sauri, da raguwar sinadarin fotasiyam a jini, wanda shi ma yana taɓa zuciya. Domin haka nas ta ƙwarai ba ta dogara da sabo. Tana karanta jikin kwalba kowane lokaci, tana bambanta miligiram da mililita. Kwalbar da aka buɗe kuma a rubuta mata ranar buɗewa, gama masu yin ta sun ce a zubar bayan wata ɗaya.

Akwai kuma batun haɗa magani biyu a kofi ɗaya. Salbutamol da ipratropium suna haɗuwa lafiya, kullum ana yin haka ga mai asma mai tsanani, kuma in an haɗa su ruwan yakan kai mililita 4 ko fiye, ba sai an ƙara kome ba. Sai dai a kula kada feshin ipratropium ya shiga ido, musamman ga tsofaffi, domin yana iya ta da hawan ruwan ido. Budesonide, maganin rage kumburin hanyar iska, shi ma yana karɓar ruwan gishiri da salbutamol, amma a shaƙe haɗin nan da nan, kada a ajiye. Wasu magunguna kuwa, irin su dornase alfa da tobramycin na shaƙa, ba a surka su, ba a haɗa su da wani magani. In aka haɗa abu biyu aka ga ruwan ya yi gajimare ko ya sake launi, a zubar. In ana shakka a tambayi mai harhaɗa magunguna. Matambayi ba ya ɓata.

Har ila yau akwai sababbin ƙananan na'urori masu batir waɗanda ke tace magani ta wani rariya mai ƙananan ƙofofi. Waɗannan kusan ba sa barin saura, saboda haka ba a cika bukatar ƙari a cikinsu ba. A bi takardar da ta zo da na'urar.

Ruwan gishiri suna ne, iri-iri ne

A ƙasarmu in aka ce ruwan gishiri, abin da ke zuwa zuciyar uwa shi ne ruwan gishiri da sukari na mai zawo, wanda aka yi ta koyarwa a rediyo da asibitoci tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Wannan ruwa ya ceci yara masu yawan gaske, amma na ciki ne, ba na huhu ba. Ƙunshin da ake sayarwa yana da gishiri giram 2.6 ne kawai a lita, ga sukari giram 13.5. Ba ya shiga nebulaiza ko kaɗan.

Haka nan kada kowa ya jiƙa gishirin miya a gida ya ce ya yi nomal salin. Ba za a sami awon daidai ba, gishirin kasuwa yana da aidin da wasu abubuwa, ruwan kuma ba tsabtatacce ba ne irin na asibiti. Ruwan famfo, ruwan rijiya, ruwan leda da ruwan gora, duk ba su halatta ba. Ciki yana da tsami mai kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Huhu ba shi da wannan kariya, nebulaiza kuwa aikinta ke nan ta kai abu can ƙurya.

Ko a asibiti ma sai an buɗe ido. Ledojin ƙarin ruwa duk kamarsu ɗaya, amma wata ta sukari ce, wata gishiri da sukari ce a haɗe. 'Yan robobin ruwan allura suna kama da na ruwan gishiri. Abin da za a nema a rubuce shi ne Sodium Chloride 0.9%, tare da ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC.

Akwai kuma ruwan gishiri mai ƙarfi, kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Wannan ba abin surki ba ne, magani ne mai zaman kansa. Yana jawo ruwa zuwa hanyar iska ya tsinka majina. Ana amfani da shi wajen sa wanda ake zaton yana da tarin fuka ya fitar da kaki domin gwaji, musamman yara da waɗanda tarinsu busasshe ne. Shi ma yana iya tsuke ƙirji, shi ya sa akan fara ba da salbutamol kafin a sa shi, kuma a wuri mai iska, nas tana tsaye. A dā an sa rai zai taimaki jarirai masu ciwon ƙananan hanyoyin iska, amma wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2014 bai ga ya rage musu kwanakin asibiti ba.

Sa'an nan a sani, nomal salin shi kaɗai ba ya buɗe ƙirjin mai asma. Yana iya ɗan sassauta majina, amma uwar da maganinta ya ƙare ta zuba ruwan gishiri zalla tana ganin hazo yana fita, lokaci kawai take ɓatawa.

Tsabta

Wata al'ada da rashin kaya ya jawo ita ce a huda ledar ƙarin ruwa guda a rataye ta, kowa ya zo ya zuƙa, yau da gobe da jibi. Kowace huda ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Abin da ya fi shi ne ƙananan robobi na mililita 5 ko 10, a buɗe a yi amfani a yar da saura. Inda dole ta sa a ɗiba daga leda, a yi da sabon sirinji kowane lokaci, a goge wurin hudar, a rubuta ranar da sa'ar buɗewa, kada kuma ta wuce kwana ɗaya.

Kofin kansa, in an gama a zubar da sauran ruwan, kada a tara a ɗora sabo a kai. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, a kife ya bushe sarai. Kofi mai laima gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma an sha samun ɓarkewar ciwon huhu a asibitocin ƙasashen waje ta hanyar kofunan da aka ɗauraye da ruwan famfo. Kowane majinyaci da kofinsa da takunkuminsa. A gida ma kada maƙwabta su riƙa aron na juna.

In babu wuta, in babu ruwan gishiri

Ana ɗauke wuta a tsakiyar shaƙa, ruwan gishiri kuma yakan yanke. Wannan ba dalilin zuba ruwa zalla ba ne, gama akwai wata hanya. Inhela ta salbutamol, in aka haɗa ta da gorar shaƙa da ake kira sifesa, tana aiki daidai da nebulaiza ga yawancin masu asma, ba ta bukatar lantarki ko surki. A 1999 Dokta Heather Zar da abokan aikinta a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar lemo ta roba mai mililita 500, in aka huda gindinta daidai bakin inhela, tana yi wa yara aiki kamar sifesar kanti. Ya kamata kowace uwar mai asma ta roƙi nas ta nuna mata yadda ake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne suke da asma, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi. Jinkiri yana cikin manyan dalilai. Na'ura a gida takan sa mutane su yi ta maimaita shaƙa har lokaci ya ƙure. In yaro ya kasa magana ko shan nono, in leɓunansa sun yi duhu, in ya galabaita yana gyangyaɗi, ko an ba shi magani bai sami sauƙi ba, a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne. Wanda kuma yake bukatar salbutamol a kai a kai, ya koma wurin likita a ba shi maganin rigakafi na kullum, domin salbutamol buɗe hanya yake yi, ba ya warkar da kumburin da ke ciki.

Ga 'yan'uwanmu masu aikin jinya, roƙonmu ɗaya ne. In uwa ta tambaya, kada a tsaya a kan "haka ake yi". Minti ɗaya ya isa a nuna mata rubutun jikin robar, a ce, "Mama, wannan ruwan gishirin asibiti ne, shi zai kai maganin cikin ƙirjinsa. In kin je gida kada ki sa wani ruwa sai irinsa." Watakila wannan minti ɗaya shi zai tsare yaron a wani daren hunturu da nas ba ta kusa. Ku kuma iyaye, tambaya ba raini ba ce. Ku tambaya cikin ladabi, ku karanta abin da kuka saya, ku gaya wa na kusa da ku. Allah ya ƙara mana lafiya.